Tangaɗin Jatau Magini

An yi wani mutum a wani gari, can zamanin da, wani bawan Allah magini, ana ce masa Jatau. In yana bisa katanga aka jefo masa tubali, da hannu ɗaya yake cafewa. Ran nan tsani ya goce da shi, ya faɗo, ƙeyarsa ta bugi dutse.

Ya yi jinya, ya tashi. Ƙarfinsa na nan, hankalinsa na nan. Amma in ya miƙa hannu zai ɗauki moɗa, sai hannun ya wuce ta. In ya tashi tafiya, sai tangaɗi.

Ku saurara, jama'a. Likitocin yanzu sun ce a ƙeyar kowannenmu akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa, da jijiyoyi siri-siri jere sahu-sahu, wasu sun gitta wasu kamar saƙa. Saƙon ƙafa ya zo nan, na ido ya zo, na kunne ya zo, a daidaita su kana tafe ba ka sani ba. Nan Jatau ya bugu. To, wa ya san wannan a lokacin?

Sai maƙwabcinsa, Nomau mahauci, ya ce a kasuwa, "Wace faɗuwa? Giya ce! Ku dubi tafiyarsa." Magana ta bazu. Har a masallaci aka riƙa ja da baya daga gefensa.

Matar Jatau, Tabawa, ta ce, "Malam, ka kai shi gaban alƙali mana."

Ya yi murmushi. "Tabawa, ni ma da na ga mai irin tafiyar nan, me zan zata? Ƙyale shi. Zo ki riƙe ni mu sake gwadawa."

Kullum yana dafa bango, yana koyon taku kamar yaro. Bai sake hawa katanga ba. Ya koma cura tubali a zaune, wani ya fito daidai, wani a karkace, shi dai yana hamdala.

Ana nan, ciwo ya kwantar da Nomau. Da ya tashi, sai ga shi da irin wannan tangaɗin. Kunya ta hana shi leƙo ƙofar gida. Sai ga Jatau ya yi sallama, riƙe da sanda biyu.

Nomau ya sunkuyar da kai. "Ka zo ka yi mini dariya ko?"

"Haba, maƙwabci. Na zo in nuna maka yadda ake yi. Ungo. Ware ƙafafunka. Kada ka dubi mutane, dubi inda za ka taka."

Nomau ya fashe da kuka. Ba a daɗe ba aka gan su sun nufi masallaci tare, wannan ya yi dama, wancan ya yi hagu, suna ta dariya.

To, 'yan'uwa, ku da kuka tako nan ba wanda ya riƙe ku, kun gode wa Allah kuwa? Kada ku yanke wa mutum hukunci da tafiyarsa. Wanda kuma ya ɓata muku suna, ran da ya kasa tsayuwa, ku fara kai masa sandar dogarawa. Allah Ya daidaita mana sawu.