'Fa' Ɗin da Kura Ta Bari

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta iso, kunnenmu naka ne.

Bushiya ce ta haɗa ƙungiyar daji: Zalɓe yana ba da magani, Hankaka yana koyar da karatu, don kowa ya iya karanta rubutun jikin kwalba. Kura ta leƙa aji sau biyu, ta ga ba a rabon nama, ta daina zuwa.

Ran nan ƙaiƙayi ya kama ta. Zalɓe ya ba ta magani, ta dubi rubutun, ta kwankwaɗe. Kwana uku tana birgima da ciwon ciki.

Bushiya ta zo dubiya. "Sannu, Yaya Kura. Me kwalbar ta ce?"

"Ta ce a sha."

"A shafa dai."

"Wannan 'fa' ɗin yaushe aka ƙara shi?"

"Ranar da kika daina zuwa aka koyar da shi."

Ƙurunƙus kan ɓera, nan na sauke ta.