Barewar da Ta Bi Ƙarar Ruwa

Akwai wani makiyayi mai rijiya a bakin daji, can inda gonaki suka ƙare. Ba ya kiran shanunsa da baki. In ya jawo guga, sai ya ɗaga shi sama ya tsiyayo ruwan cikin komin itace, shanu kuwa da sun ji ƙarar sai su taho sha.

Wata rana cikin bazara, rana ta take, iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Makiyayin yana gindin aduwa, barci yana fizgarsa. Kamar a mafarki ya hangi wata barewa tana tahowa a hankali, kanta a karkace. Ƙaya ta soke idonta na dama, ya kumbura ya rufe, hawaye yana bin kumatunta. Ƙishi ya kusa kashe ta.

Ɗayan idon lafiyarsa lau, shi ne ma ya jawo mata wahala. Can gefen hagu yana nuna mata kawalwalniya tana rawa bisa fako, sai ka rantse tafki ne. Ta bi hagu, tafkin ya matsa. Ta sake bin hagu, ya sake matsawa. Haka ta yi ta kewaya wuri ɗaya. Duk sa'ad da ta iso kusa da rijiyar, rijiyar tana gefen idon da ya rufe, sai ta wuce abinta.

Tausayi ya kama makiyayin. Ya ɗebi ruwa a ƙwarya ya nufe ta. Da ta gan shi ta zabura, ta faɗi, ta tashi da ƙyar.

Matarsa, wadda ta kawo masa fura, ta ce, “Maigida, wannan ai ba za ta kai yamma ba. Yanka ta mana kafin ta zama mushe.”

Ya ce, “Ba namanta nake so ba. So nake ta sha.”

Sai ya koma bakin rijiya, ya jawo guga, ya ɗaga shi sama ya tsiyayo. Ya sake jawowa, ya sake tsiyayowa, har igiya ta saɓule masa tafin hannu. Komin ya cika yana ambaliya, bai daina ba.

Barewar ta tsaya. Kunnuwanta suka miƙe. Idonta yana cewa hagu, kunnenta yana cewa dama. Ta daɗe a tsaye. Sa'an nan ta juya wajen duhun nan da take tsoro, ta yi ta takawa cikin abin da ba ta gani, har bakinta ya taɓa sanyi. Ta sha, ta sha. Makiyayin ya yi murna ƙwarai, har ya manta da hannunsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: barewar nan mu ne. Kowannenmu yana da gefen da ƙaya ta soke shi, wata baƙar magana, wani rashi, wani zunubin da muke kunyar ambata. Mun daina duban wajen. Muna ta bin abin da idonmu mai lafiya ya nuna mana, muna cewa, “Ai ina gani sarai!” Kana gani, ɗan'uwa, to me ya sa har yanzu kake jin ƙishi?

Makiyayin shi ne Yesu Ubangijinmu, ƙarar ruwan kuwa Maganarsa ce. Ba yanka ka yake so ya yi ba. Hannuwansa sun ji rauni dominka, har yanzu kuma yana tsiyayowa. Tsaya ka kasa kunne. Ruwan yana can gefen da ka ƙi juyawa.