Mai Kawo Dokar Kora

An yi wani mutum a garin Lanham na ƙasar Amurka, direban haya, wanda ya ƙulla ciniki da Alhaji Maitama a bayan shagon nama. Lokacin Maitama da Dachung ne ke neman shugabancin ƙungiyar 'yan Arewa, kowa da jama'arsa, ba sa ga maciji.

Ya ce, "Alhaji, ni zan kawar maka da Dachung. Kai dai ka ba ni kujerar mataimaki."

Maitama ya ce, "Kawar da shi tukuna, Malam, sai mu yi magana."

Dabarar a bakin wani fasinja ya tsince ta, malamin tarihi. Wai Girkawan dā na birnin Atina, idan manyansu biyu suka hana gari zaman lafiya, sai a taru kowa ya rubuta sunan wanda ya ishe shi a jikin tsingaron tukunya. Wanda sunansa ya fi yawa, ya bar gari shekara goma.

Mutumin nan ya kawo wannan dabara gaban taro, ya shafa mata zuma. Aka amince: wanda aka fi rubutawa, ba shi ba ƙungiya. Ba a zuwa sunansa, ba a zuwa jinyarsa, ba a ɗaga wayarsa.

Sai ya shiga gida gida. A Landover ya ce Dachung na zagin Musulmi. A Silver Spring ya ce Maitama ya raina Kirista. Ya 'yan uwa, wa ya aike shi?

Abin da ya manta, Sa'adiya matar Maitama da Atine matar Dachung aikin jinya ɗaya suke yi, mota ɗaya suke shiga. Suka haɗa maganganu, suka ga duk daga baki ɗaya suka fito. Mazan suka zauna. Kowa ya lura ƙuri'ar nan tana iya faɗa masa, sai suka ce wa jama'arsu suna ɗaya za a rubuta.

Ranar taro, mutumin nan da kansa ya raba takardu. Aka buɗe, aka yi ta kiran sunansa har ya daina ɗaga kai.

To ina zai nufa? Bizarsa ta ƙare tuntuni, in ya fita daga ƙasar ba dawowa. Motar da yake ja da sunan ɗan ƙungiya take, mai ita ya karɓe. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa da yake kwana a gidan wani ɗan ƙungiya, an ce ya nemi wani. Ƙara kuwa ba ya iya kaiwa, don tsoron a tambaye shi takarda. Ranar Juma'a yana ganin mutanen garinsu suna gaisawa, shi yana ta ɗaurin igiyar takalmi.

Ya 'yan uwa, annamimanci ke nan. Maitama ya zama shugaba, Dachung ya zama mataimaki, ƙungiya ta soke dokar bayan ta ci mutum ɗaya. Shi kuwa ya rasa kujera, ya rasa jama'a, ya rasa hanyar gida.

Allah ya tsare mu da sharrin harsunanmu, ya kiyaye mu. Amin.