Idon Ruwan Gindin Tsamiya

Wai an yi wani hakimi Bafulatani da ya ƙwallafa rai sai ya gina tashar mota a gindin tsamiya, daidai kan idon ruwan da gari ke sha. Ya sa aka kira Modu mai lambu, Babarbare, wanda ke kula da wurin.

Hakimi ya ce, "Za a rufe idon nan da siminti. Amma ruwa kada ya yanke. In ya yanke, a bakin lambunka."

Modu ya dake. Ya ce, "An gama, ranka ya daɗe. Sai dai ka zaɓa mini simintin da kanka. Rufe idonka tukuna."

Hakimi ya rufe.

"To, wanne ya fi kyau, wannan ko wancan?"

"Kai, Babarbare! Ido a rufe zai yi aiki?"

Modu ya russuna ya ce, "Ashe! Idon hakimi guda ya kasa, sai na ruwa, talaka irina?"

Fada ta kwashe da dariya. Hakimi ya buɗe ido, ya gyara rawani, ya ce, "A kai tashar bayan kasuwa."