Jan Maɓallin Motar Baba Kefas

Akwai wani mutum a wani gari da ke gindin duwatsu, sunansa Kefas, amma tun da furfura ta cika masa kai kowa Baba Kefas yake ce masa. Shekara talatin da biyu ya yi yana tuƙa tirela, daga bakin teku har iyakar arewa, bai taɓa kayar da mota ba, ko akuya bai taɓa takewa ba. Da ya ajiye aiki, sai 'yarsa ta fari, wadda Allah ya buɗa mata a birni, ta aiko masa da mota, ta ce, "Baba, ka gama jan kayan mutane, yanzu sai ka ja kanka."

Motar kuwa ba irin ta tsofaffi ba ce. Ja ce, gajeriya, cikinta ya kusa shafar ƙasa, irin waɗanda aka ƙera don gudu. Kusa da giyarta akwai maɓallai uku. Koren na tattali ne, in an danna shi injin yakan kwantar da hankalinsa, ya riƙa kurɓar mai kaɗan-kaɗan. Farin na tafiyar yau da kullum ne. Jan kuwa na tsere ne, in an taɓa shi motar takan yi ruri ta zabura, amma fa sai ta riƙa kwankwaɗar mai kamar saniyar da ta kwana biyu ba ta ga ruwa ba.

Baba Kefas yana alfahari da motar nan, ba ya ma ɓoyewa. Ran Lahadi in ya ajiye ta a gindin dalbejiyar coci, sai ya waiwaya sau biyu ya dube ta kafin ya shiga. Duk da haka ba wanda ya taɓa jin rurinta a garin, gama koren maɓalli kaɗai yake dannawa.

Yana kuma da wata al'ada. Kowace safiya, bayan ya gama addu'a, tun rana ba ta taɓa tayoyin ba, yakan fito da wani ɗan geji mai kamar biro, ya durƙusa gaban kowace taya ya auna iskarta. Talatin da huɗu yake nema, kamar yadda maƙerin motar ya rubuta a jikin ƙofar direba. In ta gaza, ya ɗauko famfon ƙafa ya cika. Yakan ce da sanyin safiya ake aunawa, domin taya in ta yi zafi ƙarya take yi.

Yana da wani maƙwabci, Irmiya, ɗan kasuwar hatsi, mai baƙar mota babba. Irmiya ba mugun mutum ba ne, sai dai bakinsa ya fi ƙafarsa sauri, ƙafar kuma ta fi tunaninsa. Shi in zai duba taya, hauri ɗaya yake kai mata, ya ce, "Ga gejina nan da Allah ya halitta mini." In ya ga tsohon a durƙushe, sai ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Baba, gaishe ta kake yi ne? To yaya ta kwana?" A harabar coci ma yakan ce an ba tsoho doki, shi kuwa ya mai da shi jaki. Mutane su yi dariya. Abin yana yi wa Baba Kefas zafi, gama mutum ne mai jin kansa a kan sana'arsa, amma bai taɓa danna jan maɓallin don ya rufe bakin wani ba.

Ana nan, a lokacin cirar gyaɗa, sai aka shiga wahalar mai. Gidajen man da ke yankin duk suka ɗaure bakin ƙofa da igiya. Wata safiya a cikin makon nan, Baba Kefas ya tarar tayar baya ta hagu ta sauka zuwa ashirin da takwas. Yana cikin taka famfo, gumi yana zuba masa, Irmiya ya zo wucewa zai kai matarsa Damaris gona. Ya sauke gilashi ya ce, "Baba, ba mai a gari, ina za ka da iskar?" Ya yi dariya, ya take totur, ya bar masa ƙura.

Rana ta take tsaka sai wayar Baba Kefas ta yi ƙara. Irmiya ne. Kububuwa ta sari Damaris a hannu a ƙarƙashin tarin gyaɗa. Ya ɗauke ta a guje zai kai ta asibitin da ke da maganin dafin maciji, amma bai yi nisa ba tayarsa ta gaba, wadda dama iskarta ta yi ƙasa, ta ɗauki zafi ta fashe. Da ya sauko da ta ajiya, ita ma a kwance take ba iska.

Baba Kefas bai tambaye shi ina gejin da Allah ya halitta masa ba. Ya ɗauki makulli ya fita.

Ya same su a bakin kwalta. Hannun Damaris ya kumbura har gwiwa, jini kuma ya fara tsatsowa daga dasashinta. Suka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar mijinta. Baba Kefas ya dubi allon motar. Daga nan zuwa asibiti kilomita ɗari da tamanin ne. Man da ke tankinsa, in a kan kore ne, zai kai ɗari biyu da goma. In a kan ja ne, da ƙyar ya yi ɗari da ashirin. Ba kuma gidan mai ko ɗaya a buɗe a hanyar. Ya danna kore, ya ɗora motar a kan gudu guda, ba ƙari ba ragi.

Da suka yi tafiya kaɗan, Irmiya ya ce, "Baba, don Allah ka danna jan nan."

"Ba yanzu ba, ɗana."

Suka ƙara gaba. Damaris ta yi nishi, ta tofar da jini a zanenta. Irmiya ya daka tsawa, "Baba, matata ce take mutuwa, kai kana tattalin mai!" Ya miƙo hannu daga baya zai danna da kansa. Tsohon ya kama wuyan hannunsa, idonsa bai bar kan hanya ba.

Ya ce, "In na danna shi yanzu, ba motar da za ta kama mu har mu wuce babbar gada. Can kuma man zai ƙare a tsakiyar daji, ni da kai mu zauna muna kallonta. Ka riƙe mata kai, ka yi addu'a. Hanya kuwa ka bar mini."

Irmiya ya koma ya zauna yana kuka. Kada ku ɗauka zuciyar Baba Kefas dutse ce. Yatsansa ya je kan jan maɓallin nan ya fi sau uku, ya janye. Kowane nishin Damaris a ƙirjinsa yake sauka. Amma shekara talatin da biyu sun koya masa cewa wanda ya fi gudu dabam, wanda ya isa dabam.

Suka wuce gadar, suka hau doguwar hawa, suka gangara. Daga nan saura kilomita talatin, hanya miƙaƙƙiya, allon kuma yana nuna man zai kai sittin a kan kore. Baba Kefas ya gyara zama, ya ce, "'Yata, ki yi ƙarfin hali. Irmiya, riƙe ta da kyau." Sa'an nan ya danna ja.

Motar ta yi wani irin ruri da ba ta taɓa yi ba tun da ta shigo hannunsa. Ta manna su da kujera, bishiyoyi suka riƙa wucewa ba a rarrabe su. Kwalta ta yi zafi ƙwarai, amma tayoyin nan huɗu da aka auna da safe suka kama hanya daram, ko girgiza ba su yi ba. Tsohon nan da ake yi wa dariya a harabar coci, ga shi yana riƙe da ita cikin natsuwa kamar a tsakar gidansa yake.

A bakin ƙofar asibiti injin ya yi tari sau biyu, ya mutu. Sauran ƙarfin gudun ne ya gangarar da su har gaban ɗakin gaggawa. Aka ɗauki Damaris, aka ɗaura mata maganin, kafin la'asar jinin ya tsaya. Baba Kefas ya zagaya motarsa, ya dafa tayar baya ta hagu, ya yi godiya ga Allah. Ya sani da ya bar ta a ashirin da takwas, da ta shanye musu man da ya kawo su ƙofar nan.

Bayan mako guda Damaris ta koma gida. Kashegari da sassafe, Baba Kefas ya fito da gejinsa, sai ya tarar da Irmiya a durƙushe a gaban baƙar motarsa, yana jira.

Irmiya ya ce, "Baba, ina kwana. Ka koya mini."

Tsohon ya yi murmushi, ya miƙa masa gejin, ya ce, "Fara gaishe ta tukuna."

Ma'anar wannan misali ita ce, ya ku ƙaunatattu. Motar ita ce baiwar da Allah ya ba kowannenmu. Wani ƙarfi aka ba shi, wani ilimi, wani iya magana, wani matsayi. Kyauta ce daga Uba, ba laifi ba ne mu yi murna da ita.

Man da ke tanki shi ne kwanakinmu da ƙarfinmu. Gwargwado aka zuba mana, ba kuma kullum ake samun inda za a ƙara ba. Jan maɓallin kuwa shi ne dukan iyawarka in ka sake ta. Allah bai sa shi don ado ba, akwai ranarsa. Amma da yawa a cikinmu kowace rana a kan ja muke, don a ji rurinmu a taron iyali, a ƙungiyar mawaƙa, a zumuntar mata. Muna ƙona ƙarfinmu wajen rufe bakin masu yi mana ba'a. Ranar da ɗan'uwa zai buƙace mu da gaske, sai a tarar tankin ya bushe.

Iskar taya fa? Ba wanda yake ganinta, ba wanda ya taɓa yabon mota saboda ita, amma a kanta dukan nauyin yake. Ita ce addu'arka ta ɓoye da zamanka a gaban Maganar Allah. Takan ragu a hankali, ba ƙara, ba sanarwa, har ka riƙa gajiya a kan ƙaramin abu ba ka san dalili ba. Irmiya yakan kai wa tayarsa hauri ya ce lafiya lau. Haka mu ma mukan taɓa zuciyarmu sama-sama mu ce ai jiya na je sujada. Baba Kefas kuwa da abin da maƙerin ya rubuta yake gwadawa, ba da abin da yake ji ba. Kuma da sanyin safiya yake yi, gama zuciya ma in ta ɗauki zafin rana, da fushi da gaggawa, ba ta faɗa maka gaskiya.

Ku lura da abu guda. Sa'ad da tsohon yake taka famfo da safen nan, bai san cewa ran Damaris yake cikawa ba. Kai ma ba ka san wanda za a kwantar a kujerar bayanka ba, ko wace rana ce. Saboda haka gobe da safe, tun rana ba ta taɓa ka ba, ka durƙusa ka auna. Ubangiji ya ba mu ikon yin haka. Amin.