Gonar Da Ta Fi Ta Kowa Kore

Yayana mutum ne mai son a yaba masa. Ba mugu ba ne fa, sai dai in ka ce hularsa ta yi kyau, to ranar ko kwana zai yi da ita.

Da ya gaji da lodin kaya a tasha, sai ya dawo gida ya roƙi Baba ya ba shi gonarmu ta bakin rafi ya yi shinkafa. Baba ya ce ya ba shi damina ɗaya. In ta cika rumbu gonar ta zama tasa, in ba haka ba haya za a bayar, shi kuma ya koma tasha.

Maƙwabtanmu suka yi dashe layi-layi, suna barin tazara. Yaya ya leƙa ya yi ta dariya, wai gonarsu kamar kan mai sanƙo. Shi watsa iri ya yi, ya cika shi dam, don yana so ƙasa ta rufe da wuri. Ta kuwa rufe. Sai ya gano in ya zuba takin yuriya ganye na ƙara duhu, masu wucewa na tsayawa kallo. Shi ke nan fa. Kowane yabo, sai ya ƙara taki. Har mai shagon takin ya ce masa ya haɗa da mai sa ƙwaya, kuma ya sassauta hannu. Yaya ya ce ai baƙin ciki ne.

Wallahi gonar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Da yamma yakan zauna kan kunya ya miƙe ƙafa cikin ruwa. Iska na kaɗa ganye kamar tafki mai motsi, balbelu na sauka fari fat. Ya lumshe ido yana lissafa mana ɗakin da zai gina can gindin bishiya, mai taga tana kallon rafi, da kujerar da Inna za ta riƙa zama a kai. In yana faɗa har kai ma sai ka ga ɗakin.

Inna dai ta taɓa karan ta ce, "Ɗan nan, shinkafarka ta yi tsawo amma ba ta da ƙashi."

Ya ce Inna ba ta san noman zamani ba.

Shinkafar na fara fitar da kai aka yi ruwa da iska. Da safe muka tarar ta kwanta shame-shame cikin laka, ta maƙwabta kuwa na tsaye. Abin da muka tsinta muka buga, muka shiƙa, iska ta kwashe kusan duka. Baba ya damƙi ragowar ya murza.

Sai ga wani makiyayi ya zo neman karan don shanunsa. Ya zagaya gonar yana kaɗa kai ya ce, "Malam, ban taɓa ganin mai iya noman ciyawa kamarka ba."

Yabon ƙarshe ke nan da Yaya ya samu. Washegari ya ɗauki jakarsa ya nufi tasha.

To 'yan'uwa, darasin a fili yake. Ba ganye ake nomawa ba, ƙwaya ake nema. Ka ba shuka tazara, ka ba ta taki daidai bukatarta, ka saurari wanda ya gaya maka gaskiya ko ba daɗi. Masu tsayawa su yaba gonarka ba su za su cika maka rumbu ba.