Ta Ɓoye Sunan, Ta Bar Sandar

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, gari ya waye da yayyafi, Dakta kuwa ta tashi cikin farin ciki. Malamar jami'a ce mai ƙwazo da riƙon amana, aibinta ɗaya ne, gaggawa. Shekara biyu ta yi tana bincike kan yadda wasu kamfanonin ƙetare ke ba da cin hanci a tashar jiragen ruwa. Jiya ta aika wa wata mujallar ilimi maƙalarta, ba ta bari kowa ya duba ba. Idan aka buga a bana, za ta sami ƙarin girma.

Ƙashin bayan binciken wani dattijon akawu ne na tashar, wanda da ƙyar ya yarda ya buɗe baki. "'Yata," ya ce mata, "saura shekara ɗaya in yi ritaya. Ki rufa mini asiri." Ta yi alkawari, ta cire sunansa, ta kira shi Mai Bayani na Bakwai.

Suna karin kumallo, mijinta, wanda ke shigo da kayan gyaran mota ta tashar, ya jawo kwafin maƙalar.

"Bari mu jahilai mu ɗan ƙaru, Farfesar gobe."

A shafi na tara ya ajiye kofinsa. "Af! Ashe Baba Mai Sanda ne ya kwance miki buhu?"

Ta ce, "Wa ya gaya maka? Ai babu sunansa!"

"Ranki ya daɗe, kin ce akawu mai dogara sanda, shekara talatin da huɗu a ƙofa ta uku. Ko masu shara sun san shi. Ranar da shugabanninsa suka karanta, korarsa za su yi."

"Idan na janye, ƙarin girman ya wuce ni."

"Ya wuce," ya ce a hankali. "Mu dai a gidan nan mun daɗe da naɗa ki Farfesa."

Ta yi dariya, idonta cike da hawaye. Ta rubuta wa editan cewa ta janye maƙalar sai ta gyara, kuma laifin nata ne ita kaɗai. Kwana biyu wasiƙar tana cikin jakarta. A na uku mijin ya tsaya da mota a ƙofar gidan waya. Ta sauka, ta jefa ta a akwati.

Darasin shi ne, share suna ba shi ne rufin asiri ba. Wanda aka ba amanar magana ya natsu, ya nemi ido na biyu, domin gaggawarsa na iya cinye abincin wanda ya yarda da shi.